Baba Mati da Alamomin Kifi

A Wagadugu aka raba ni da takardar makarantata. Kwana tara ke nan da barina Maigatari, a shekarar farin nan da ya karkashe shanun mutane, wadda gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Shekarata ashirin da biyu. Takardar nan ita ce kaɗai abin da na dogara da shi, domin ko da yake a Maigatari aka haife ni, a wajen kawuna na Magarya na yi lakwal, wato makarantar bokon can, na iya Faransanci karatu da rubutu. An ce mini a Abijan mai irin wannan takarda ba ya rasa aiki.

A tashar jirgin ƙasa wani mutum mai tsabtar riga ya ji ina tambayar hanya da Hausa, ya matso ya yi mini sallama. Ya ce shi ma Bahaushe ne, kuma wani kamfanin katako ne ya turo shi neman masu ilimi. Ya ce in ba shi takardata ya kai a buga mata hatimi, bayan azahar zai dawo da ita haɗe da tikitin jirgi. Mu uku muka ba shi. Kwana biyu na yi zaune a gindin bangon da ya bar mu, duk wanda ya ɓullo da farar riga sai gabana ya faɗi. Wata mai fura da ke kusa da mu ta lura ban ci komai ba. A rana ta biyu ta dama fura a ƙwarya ta ajiye a gabana, ta koma wajen kayanta. Ban san yarenta ba, ita ma ba ta san nawa ba. Na sha ina hawaye.

Komawa gida ba ta yiwu ba, don na san abin da na baro: mahaifiyata da ƙannena huɗu da rumbun da ake ganin ƙasansa. Na shiga jirgin.

Bayan mun wuce Bobo ƙasa ta fara canjawa, kafin mu kai Bwake kuwa ko'ina kore shar. Ciyawa ta fi tsayin mutum, ba dabbar da ke cin ta. Ruwa kwance a gefen layin dogo ba mai ɗiba. Wasu a cikin jirgin suna ta murna, ni kuwa sai na rufe ido, domin sati biyu da suka wuce na taya maƙwabcinmu jan saniyarsa ta ƙarshe zuwa bayan gari.

A Abijan na yi wata guda ina kwana a barandar wani masallaci a unguwar Tireshbil, da rana ina dako a kasuwa. Duk ofishin da na shiga sai a nemi takarda, in na fara bayani sai a nuna mini ƙofa. Wata Juma'a bayan an idar da salla ina neman takalmina ina ƙorafi ni kaɗai, sai wani dattijo siriri, mai tabon sanyi a yatsu, ya riƙe mini hannu ya ce Hausar nan tawa ta ƙasar Gumel ce. Na ce daga Maigatari nake. Bai saki hannuna ba. Ya ce sunansa Mati, mutumin Sule Tankarkar, shekararsa goma sha tara rabonsa da gida. Nan a tsaye ya shiga tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ban san su ba, waɗanda na sani kuwa rabinsu sun rasu. Duk wanda na ce ya rasu sai ya gyaɗa kai ya yi masa addu'a ya wuce zuwa na gaba. Da ya ji inda nake kwana sai ya ce in ɗauko kayana.

Ɗaki ɗaya ne na katako, tabarma biyu ba sa shimfiɗuwa sai an ɗora bakin ɗaya kan ɗaya. Baba Mati lebura ne a ɗakin ƙanƙara na tashar jiragen kamun kifi. Jirage su zo da kifin da ake kira tuna, wani ya kai tsayin hannu, wani ya kai girman ɗan maraƙi, a daskare kamar itace, su kuma su sauke su jera. Sanyin wurin ne ya ci masa yatsu ya bar shi da tari. Matarsa ta rasu tun kafin ya baro gida. 'Yarsa ɗaya ce, Azumi, wadda ya bari tana goye a bayan kakarta, yanzu tana aure da 'ya'ya uku a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Bai taɓa ganin jikokin ba, amma ya san sunayensu da shekarar da aka haifi kowanne.

Shi ya samar mini aiki, ta hanyar da ban zata ba. Wata rana ya dawo da wata 'yar igiyar roba rawaya, tsayinta kamar yatsa biyu a haɗe, ƙarshenta da 'yar ƙugiya. Ya ce a bayan kifi ya cire ta, in karanta masa abin da ke jiki. Na ga lamba doguwa, da rubutun cewa duk wanda ya tsinci wannan ya kai ofishin binciken kifi a ba shi tukwici. Washegari na raka shi don in yi masa tafinta.

Baturen ofishin Bafaranshe ne, 'yan tasha suna ce masa Mai Lofe saboda lofen da ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki. Ya yi wa Baba tambayoyi: wane jirgi ya kawo kifin, wace rana, tsayinsa nawa. Ina fassarawa ina kuma rubutawa a gefen wata takarda don kada in manta. Mai Lofe ya leƙo rubutuna, ya tambaye ni inda na yi karatu. Na fara ba shi labarin Wagadugu, ya ɗaga hannu ya ce takarda ba ta dame shi ba, yana neman wanda zai iya magana da lebura ya kuma rubuta lamba daidai. Ya ce in zo Litinin.

Ranar Baba ya sayo kan rago aka dafa mana. Ya riƙa nuna ni ga maƙwabta yana cewa ɗansa ya zama ma'aikacin biro, wato ofis.

Mai Lofe ya zaunar da ni ya yi mini bayanin aikin. Ya ce babu wanda ya san inda kifin nan yake zuwa, ko yadda yake girma, ko nawa za a iya kamawa ba tare da an ƙarar da shi ba. Dabarar ita ce a kama shi da rai, a auna tsayinsa, a soka masa alama mai lamba, a rubuta rana da wuri, a mayar da shi ruwa. In wani jirgi ya sake kama shi bayan wata shida ko shekara, aka dawo da alamar, sai a gwada bayanin farko da na biyu. Ya ce mafi yawan alamomin ba sa dawowa har abada, shi ya sa kowace ɗaya da ta dawo take da daraja, kuma bayani ɗaya na ƙarya ya fi rashin bayani ɓarna. Wannan maganar ya maimaita mini ita har sau uku.

Wata biyu ina zagaya tasha da littafi ina liƙa sanarwa a bango, ina karɓar alamomi daga hannun lebura da matuƙa, kafin aka ce zan shiga teku.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan garinmu ba. Kwana huɗun farko ban san inda kaina yake ba. Ina kwance a gefen jirgi ina amai har babu abin da ya rage, ina roƙon Allah Ya kai ni tudu ko da a can zan mutu. Kukun jirgin, wani mutumin Gana mai suna Kwesi, shi ya riƙa zuwa yana tura mini ɗanyar citta a baki yana ba ni busasshen burodi. Shi Kirista ne, amma shi ya je ya tambayo matuƙi inda alƙibla take, kuma duk sanda jirgi ya juya sai ya leƙo daga kicin ya nuna mini da ludayi.

A rana ta shida muka samu garken kifi. Aka watsa musu ƙananan kifaye masu rai, ruwa ya hau tafasa. Masunta suka jeru a bakin jirgi da gorori, kowanne da ƙugiya marar kunne don kada ta yaga bakin kifi, suna fizgowa suna jefowa. Ni ina durƙushe gaban wani kwami da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen soso, an zana ma'auni a gefensa. A ɗora kifi, in rufe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma, in duba tsayi, in soka alamar da wata basilla mai rami a gindin ƙayar bayansa, in faɗi lamba da ƙarfi, a cilla shi ruwa. Duk wannan kafin mutum ya ja numfashi uku, in ya wuce haka kifin ba zai rayu ba. Jikinsa da ɗumi kamar na akuya, yana karkarwa a tafin hannu. Ban taɓa zaton kifi yana da ɗumi ba. Da yamma hannuwana duk sun tsage, gishiri yana ci, amma a ranar na fara son aikin.

Mun yi kwana ashirin da wani abu muka dawo. Da aka sauka kowa yana sauri, ofis a rufe don ranar Asabar ce, sai na tafi gida da ragowar alamomin da ba a yi amfani da su ba, ƙulli guda a cikin jakata. Na rataye jakar a ƙusa. Ranar Litinin na mayar da ƙullin na jefa a akwatin ofis, ban duba ba.

A wannan makon ne wasiƙa ta zo wa Baba ta hannun wani ɗan kasuwar goro mai zuwa Kano da Maigatari. Wani malamin ƙauyen ne ya rubuta wa Azumi da ajami. Ni na karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan baƙi. Ta ce mijinta ya tafi ci-rani tun kaka ba labari. Ta ce sun sayar da akuya da tabarmi da ƙofar ɗaki, yanzu dusa suke dafawa da ganyen da yara suka samo. Ta ce ƙaramar, Hajara, ta daina kuka, kwanciya kawai take yi. Ba ta roƙi komai ba, ta ce dai ya sa su a addu'a.

Baba ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce in tashi mu yi la'asar. Ya sayar da rediyonsa da bargon da yake shiga ɗakin ƙanƙara da shi, ya ba mai goro ya sai musu gero. Ni kuwa duk abin da nake samu Maigatari nake aikawa. Na ɗan ba shi wani abu sau ɗaya, na gaya wa kaina na yi iya ƙoƙarina. Na sayi takalmi a watan nan. Har yau ina tuna launinsa.

Daga nan sai Baba ya fara sa'ar alama. Wannan mako ya kawo ɗaya, mako mai zuwa biyu. Yana zuwa teburina kamar kowa, ya faɗi jirgi da rana da tsayin kifi, in rubuta, a ba shi tukwici da riga mai hoton kifi. Rigunan ma sayarwa yake yi. Ni murna nake, ina cewa Allah ne Ya dubi Azumi. Na lura dai ba ya kallon idona in yana ba da bayani, na ɗauka kunyar ofis ce. Cikin wata biyu ya kawo bakwai.

A tsakanin nan wata alama ta gaske ta dawo daga wani jirgin tashar Tema ta ƙasar Gana, kifin da ni da hannuna na soka masa. Ya yi tafiyar da Mai Lofe ya nuna mini a taswira da bakin lofensa, ya kuma ƙaru da kusan faɗin yatsa uku. Na dawo gida ina ba Baba labari kamar an yi mini haihuwa. Ya saurara, ya ce madalla, ya fita alwala.

Wata Juma'a da safe Mai Lofe ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya buɗe littattafai biyu a gabana, na sakin kifi da na dawowar alama. Ya ce in nemo masa lambobin nan bakwai a littafin saki. Na bi layi-layi har ƙarshe, babu. Ya ɗauko ƙullin da na mayar, ya baje a tebur, ya jera su bi da bi. Gurbi bakwai. Ya ce alamomin nan ba su taɓa shiga ruwa ba, kuma a hannuna suka kwana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya riga ya fara rubuta rahoto da bayanan nan, saura kaɗan ya aika wa duniya cewa kifin yana bin hanyar da bai taɓa bi ba. Ya ce yana so ya san ko ni ne, ko da ni aka yi, ko kuwa ban sani ba. Ya ba ni zuwa Litinin.

Ban iya yi wa Baba magana ba sai ranar Lahadi bayan la'asar. Muna zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran takalminsa na roba. Na gaya masa abin da aka gano. Bai musa ba, bai kuma daina ɗinkin ba sai da ya kai ƙarshen layi. Ya ce ranar da na dawo daga teku ya ga ƙullin, bai taɓa ba. Ranar Lahadi da mai goro ya fara tsegunta masa abin da ke cikin wasiƙar tun kafin ya miƙa ta, sai ya zare guda bakwai. Ya ce ya ɗauka abin roba ne kawai, Turawa suna da shi buhu-buhu, kuma kifi ba zai yi ƙara ba. Ya ce tun da yake bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Sai ya ajiye takalmin ya ce, "Sa'idu, ba za ka ce a ruwa ka sa su ka manta ba ka rubuta ba?"

Hakan yana faruwa. In kifi ya yi yawa lamba ɗaya ko biyu takan kuɓuce wa mai rubutu. Da na faɗi haka, watakila Mai Lofe ya yarda, watakila ya kore ni don sakaci, kuma ko ya yarda bayanan ƙarya bakwai za su zauna a littafin. Na yi tunanin mahaifiyata. Na yi tunanin aikin. Ba zan ɓoye ba, na kuma ji haushin cewa daga jakata ya ɗauka. Na sunkuyar da kai.

Ya jira kaɗan, sannan ya ce, "A'a, bari. Ban kyauta ba da na tambaye ka. Ka faɗi yadda aka yi."

Ranar Litinin na faɗi yadda aka yi. Na ba da labarin wasiƙar, da fari, da yarinyar da ta daina kuka. Mai Lofe ya saurara har ƙarshe, ya cire lofen daga bakinsa. Ya ce ba zai kai maganar wajen 'yan sanda ba, kuma ba ya neman a mayar da komai. Ya soke layi bakwai ɗin da jan alƙalami. Amma ya rubuta 'yar takarda zuwa kamfanin ɗakin ƙanƙara, cewa daga yau shugaban lebura ne zai riƙa tattara alamomi, ya kuma faɗi dalili, da suna. Shugaban leburan ya daɗe yana neman gurbin da zai sa ɗan'uwansa. Ranar Laraba a bakin ƙofar tasha, gaban mutane, ya karɓe katin shigar Baba ya kira shi ɓarawo.

Na koma wajen Mai Lofe ina roƙo. Ya ce ba haka ya nufa ba, ya kuma je da kansa ya yi magana, aka ce masa harkar lebura ba ta shafe shi ba. Ya dawo ya ce mini ya yi nadamar sa sunan. Na yarda ya yi nadama. Ba a mayar wa Baba da katin ba dai.

Ni da Baba mun ƙara sati uku a ɗakin nan tare. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya ci gaba da tashina sallar asuba, yana ajiye mini rabona na abinci a rufe. Kullum ya fita neman aiki, amma labari ya riga shi zagaya tasha, kuma ba mai ɗaukar tsoho mai tari. Na ce ya zauna ni zan riƙe mu. Ya ce bai zo Abijan don a ciyar da shi ba. Na ce to ya koma gida. Ya ce da wane ido, hannu wofi, a shekarar da kowane baki nauyi ne.

Aka sake tura mu teku. Da na dawo na tarar da ɗakin a share, tabarmata a naɗe, tukunya da buta da fitila duk ya bar mini. Maƙwabciyarmu ta ce ya bi wata motar masu zuwa gonakin koko wajen Dalowa, ya ce a gaya mini in riƙe ɗakin, in kuma kula da salla a cikin jirgi.

Na aika saƙo ta hannun direbobi sau da yawa, ba amsa. Na yi ta cewa in an ba ni hutu zan je. Hutu ya zo aka ce akwai fita teku, na zaɓi teku. Bayan wata bakwai mai goron nan ya same ni a masallaci ya ja ni gefe. Ya ce Mati ya rasu tun kafin azumi, zazzaɓi da tarin nan suka haɗu masa a wata gona.

Sai a lokacin na je Dalowa. Kwana biyu ina tambaya kafin na samu gonar, can cikin kurmi, inda rana ba ta isa ƙasa. Leburorin Mosawa ne, ɗaya daga cikinsu yana jin Faransanci kaɗan. Ya ce sun san shi, tsohon nan mai yawan salla wanda ba ya iya ɗaga buhu amma ba ya yarda a ɗaga masa. Ya kai ni bayan bukkokinsu ya nuna mini tudun ƙasa uku da ciyawa ta fara rufewa. Na ce wanne ne. Ya kira wani suka yi shawara, wannan ya nuna na tsakiya, wancan ya nuna na gefe. Na tsaya na yi wa duka ukun addu'a.

Na ƙara shekara uku a aikin. Na iya shi sosai, har ana tura ni wasu tashoshi in koya wa sababbi yadda ake karɓar bayani. Ban sake tafiya gida da alama ko ɗaya ba. Da mahaifiyata ta aiko cewa ƙafafunta sun fara gazawa, na ajiye aiki na dawo, na samu koyarwa a Gumel.

Sai da na yi wata biyar da dawowa kafin na iya zuwa Sule Tankarkar. Na je ranar kasuwa, na yi tambaya wajen masu hatsi, aka haɗa ni da wani mai amalanke ɗan ƙauyen su Azumi. Damina ta yi kyau a shekarar, gero ya wuce kaina hagu da dama.

Na same ta tana sussuka. Doguwa ce siririya, goshinta irin nasa sak, har sai da na kau da kai. Mijin ya dawo, yana gona. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure ta kawo ruwa, ta zauna daga bakin ƙofa. Labarin rasuwar ya riga ya iso mata tuntuni. Da na ce ni ne Sa'idun da suka zauna ɗaki ɗaya, sai ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, ta ce ya sa an rubuto mata sunana, ya ce Allah Ya ba shi ɗa a baƙon wuri. Ta kira yara maza biyu suka durƙusa suka gaishe ni. Ta ce geron da ya aiko shi ya raya waɗannan. Hajara ba ta jira isowarsa ba, da kwana shida.

Ta ce ba ta san fuskarsa ba, amma duk ƙauyen nan an san ubanta mutumin kirki ne, mai cin guminsa, har gori take yi wa mata da shi. Ta ce in ba ta labarinsa.

Na yi niyyar in tsaya a labarin kan rago da tashin asuba. Amma shekara huɗu ina ɗauke da abin, kuma na zo ne don a yafe mini. Sai na faɗa mata duka: jakar, da alamomi bakwai, da tambayar da ya yi mini na yi shiru, da abin da aka kira shi a bakin tasha, da kaburbura uku.

Yaran suna kallonta suna kallona. Ta ce musu su je su kora awaki, ta jira har suka fita. Sannan ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Malam, ni ba ni da abin da zan yafe maka, tsakaninka da shi ne. Amma da ka bar mini shi yadda na san shi."

Ta tashi ta shiga cikin gida. Na zauna ina jiran ko za ta dawo ta ƙara wata magana. Can sai babban yaron ya fito da ƙullin gyaɗa a tsumma, ya ce in ji Inna a kai wa mutanen gida, kuma a sauka lafiya. Daga cikin gida na ji ta koma kan turmi.